Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bakin Inuwa Yake Dishi-Dishi?

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan inuwa suke, kuma daga Jos da kewayenta suka zo. Ta farkon ita ce uwa, sauran daga cikinta suka fito, shi ya sa muka fi daɗewa a kanta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan aji biyar ne a sakandare. An koya mana cewa haske miƙe yake tafiya, ba ya kwana. In haka ne, ai kamata ya yi bakin inuwa ya fita tas kamar an yanka da reza. Amma na lura inuwar ƙafata tana fita sosai a ƙasa, ta kaina kuwa bakinta dishi-dishi. Me ya kawo haka? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗanmu, malaminka bai yi kuskure ba, idonka ma bai yaudare ka ba. Haske miƙe yake tafiya, kuma wannan miƙewar ce da kanta take haifar da dishi-dishin. Abu ɗaya ne ya faɗi a lissafinka: ka ɗauki rana kamar ɗigo, alhali faifai ce mai faɗi, kowane sashe nata yana aiko da nasa hasken.

Ka sa kanka a matsayin tururuwar da za ta fito daga inuwar katanga. Tana can ciki, katanga ta tare mata rana ɗungurungum. Ta matso kaɗan, sai bakin rana ya leƙo ta saman katangar. Ta ƙara taku, kwata ya fito, sannan rabi, har ta isa inda faifan ya bayyana gaba ɗayansa. Daga inda rana ta fara leƙowa zuwa inda ta gama fitowa, hasken da ke sauka ƙasa ƙaruwa yake yi sannu a hankali. Wannan tsakanin shi kake gani dishi-dishi. Inda rana ta ɓuya duka muna kiransa cikakkiyar inuwa, inda wani sashenta kaɗai ya ɓuya kuma rabin inuwa. A littafinku za ka tarar da su da sunayensu na Latin, umbra da penumbra. Na biyun masanin taurarin nan Kepler ne ya ƙirƙiro shi a 1604.

Faɗin rabin inuwa yana lissaftuwa, kuma lissafin bai fi ƙarfinka ba. Faɗin rana kimanin kilomita miliyan 1 da dubu 390 ne, nisanta daga gare mu kuma kimanin kilomita miliyan 150. Raba nisan da faɗin, za ka samu kusan 108. Ka riƙe wannan lamba da kyau, don da ita za mu amsa kusan duk tambayoyin yau. Ƙa'idar ita ce: auna tazarar da haske ya bi daga bakin abu zuwa inda inuwarsa ta sauka, ka raba gida 108. Abin da ya fito shi ne faɗin dishi-dishin.

Idon sawunka bai fi santimita 10 daga ƙasa ba, don haka nasa dishi-dishin milimita 1 ko 2 ne, ido ba ya ma kula da shi. Kanka kuwa, in tsawonka mita 1.7 ne kuma rana ta karkata har inuwarka ta yi daidai da tsawonka, hasken da ya gogi kanka sai ya yi tafiyar mita 2.4 kafin ya taɓa ƙasa. Raba gida 108, ka samu santimita 2 da 'yan kai. Da yake a karkace yake sauka, sai ya shimfiɗu a ƙasa ya kai santimita 3. Da yamma liƙis abin ya fi haka nesa ba kusa ba: sandar mita 1 da inuwarta ta kai mita 5 da rabi, dishi-dishin kanta ya kusa santimita 30.

Ka gwada da hannunka. Nemi kwali mai miƙaƙƙen baki, da farar takarda, da tef ɗin awo, a ranar da sama take garau. Jingina takardar ta fuskanci rana sosai, ba a karkace ba. Riƙe kwalin santimita 10 daga takardar, sannan mita 1, sannan mita 2. Lissafi ya ce za ka ga kusan milimita 1, da 9, da 18. Kada ka yi mamaki in awonka ya gaza haka. Ido yana saurin gane bambanci a cikin duhu, amma a gefen haske ba ya iya raba wurin da kashi 90 na rana ya haska da wurin da ta haska duka, sai ya ɗauka dishi-dishin ya ƙare tun bai ƙare ba. In kuma awon ya zarce lissafi, to ko takardar ta karkace, ko hannunka yana rawa, ko akwai hazo. Ka ɗaure kwalin a jikin kujera ka huta. Kuma duk gwajin nan ƙasa ake kallo, kada ka ɗaga ido ka dubi rana ko na ƙiftawa ɗaya.

Tambaya: Rufin kicin ɗinmu tsohon kwano ne, duk huji. Wasu na ƙusa ne, wasu tsatsa ce ta ci su, babu biyun da suka yi kama. Amma hasken da ke saukowa ƙasa duk zagayayye ne kamar kwabo. Haka ma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Yarana sun tambaye ni na rasa amsa. Daga wata uwa, Gangare.

Amsa: Malama, ki gaya musu hoton rana suke gani a kwance a ƙasan kicin. Hasken gefen dama na rana yana bi ta hujin ya sauka hagu, na gefen hagu ya sauka dama, na sama ya sauka ƙasa. Sai faifan rana ya zanu gaba ɗayansa a juye. In hujin ƙarami ne kuma ƙasa tana da nisa, siffar hujin sai ta nutse a cikin siffar rana.

Lambar ɗazu ce take aiki. Rufin da ke mita 3 daga ƙasa zai ba da da'ira mai faɗin kusan santimita 2.8 da tsakar rana, sai a ƙara faɗin hujin a kai. Darbejiyar da ganyenta ke mita 8 a sama za ta ba da da'irori masu santimita 7 zuwa 8. Da hantsi ko la'asar za ki ga sun miƙe kamar ƙwai, domin hasken a karkace yake sauka. Ki tara takarda ta fuskanci hasken sosai, za su koma zagayayyu.

Ki sa babban cikinsu ya ɗauki takarda ya riƙa ɗaga ta zuwa wajen hujin. Da'irar za ta riƙa ƙanƙancewa tana ƙara haske, har a ƙarshe ainihin siffar hujin ta bayyana da duk karkacewarta. Ga hujin milimita 5, sauyin yana faruwa wajen rabin mita daga kwanon, wato 5 sau 108. Wani abin sha'awa kuma, in gajimare ya zo wucewa ta gaban rana daga gabas, a cikin da'irar daga yamma za a ga ya shigo.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ranar husufi take zuwa. A husufin safiyar 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, nan Jos kuma ya ci wani sashe nata, waɗannan da'irori na ƙarƙashin itatuwa komawa suka yi kamar lauje, kowacce da irin cin da aka yi wa rana. Masanin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi rubutu na musamman a kan wannan siffa da hasken husufi yake yi idan ya bi ta ƙaramin huji. Har yau kuma ita ce hanya mafi aminci ta nuna wa yara husufi ba tare da sun kalli rana ba.

Tambaya: Inuwar falwaya tana fita a kan titi, amma ta wayar da ke kanta da ƙyar ake ganinta. Shirwa ma in ta yi sama sosai ba na ganin inuwarta. Ina take zuwa? Daga wani mai shago, Titin Bauchi.

Amsa: Malam, cikakkiyar inuwa tana da iyaka. A bayan kowane abu tsukewa take yi kamar tsinin mashi, domin rabin inuwa yana cin ta daga gefe biyu, har ta ƙare a nisan da ya kai faɗin abin sau 108. Wayar da kaurinta santimita 1 ne, cikakkiyar inuwarta ba ta wuce mita 1 da kaɗan. Ita kuwa tana rataye wajen mita 8 a sama. Wanda ke ƙasa daidai ƙarƙashinta, siririn layi kawai ta tare masa a fuskar rana, bai kai kashi 1 cikin 5 na faifan ba. Abin da ke isowa titi shi ne wani ɗan duhu-duhu mai faɗin santimita 8, wanda ƙurar titi da tabon kwalta suke haɗiye shi. Falwaya mai kaurin santimita 20 kuwa tata tana kai mita 21, ta isa ƙasa da sauranta. Ka dai bi inuwar daga gindi zuwa kai, za ka ga bakinta yana ƙara laushi.

Jirgin sama ma haka ne. Gangar jikin jirgin fasinja mai faɗin mita 4, cikakkiyar inuwarta a mita 430 take ƙarewa. A can kilomita 10 sama, dishi-dishin ya haura mita 90, ya fi jirgin kansa tsawo, don haka babu abin da ake gani a ƙasa. Wanda ya zauna ta taga a jirgin da ke sauka filin jirgin Jos da ke Heipang da rana zai ga inuwar ta fara kamar tabo marar siffa a kan gonaki, tana tattaruwa, fikafikai suna fitowa, har ta haɗu da tayoyi.

Wata ma bai tsira daga wannan lissafi ba. Faɗinsa kilomita 3,474 ne, sau 108 ya ba da kusan dubu 375. Nisansa daga duniya kuwa yana kai-komo tsakanin kusan dubu 360 da dubu 405. In husufi ya same shi yana kusa, tsinin inuwarsa yana taɓa ƙasa a samu duhu, amma a siririyar hanya wadda ba ta cika wuce faɗin kilomita 270 ba. In yana nesa, tsinin ba ya isowa, sai a ga rana ta zama zobe.

Tambaya: Ni tela ce, da dare nake yawan aiki. Fitilar da nake amfani da ita tana jefa inuwar hannuna daidai kan allura. Na sayi mai ƙarin wat, inuwar ma sai ta ƙara fitowa. Wace iri ya kamata in nema? Daga wata tela, Rikkos.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ƙarfin fitila ba shi da hannu a kaifin bakin inuwa. Abubuwa uku ne suke da hannu: faɗin wurin da hasken ke fitowa, nisan fitilar daga hannunki, da nisan hannunki daga yadin. A ninka faɗin fitila da nisan hannu zuwa yadi, a raba da nisan fitila zuwa hannu, a samu faɗin dishi-dishin.

Mu sa lambobi. Hannunki yana santimita 10 sama da yadi, fitila tana mita 1 daga hannun. In tocilar waya ce, wadda ƙwayarta ba ta fi milimita 2 ba, dishi-dishin bai kai rabin milimita ba, inuwar baƙa ƙirin mai kaifi. In farin ƙwan lantarki ne mai faɗin santimita 6, dishi-dishin milimita 6 ne, har yanzu yatsa yana da cikakkiyar inuwa. In kuwa hasken daga wuri mai faɗin santimita 60 yake fitowa, dishi-dishin ya zama santimita 6, ya ninka kaurin yatsa sau uku, inuwar yatsan sai ta narke. Faɗi kike nema, ba wat ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki juya fitilar ta haski farin bango ko farin kwali babba da ke kusa da keken, bangon ya dawo miki da hasken. Yanzu bangon ne fitilarki. Hasken zai ragu, a nan ne mai ƙarin wat ɗin da kika saya za ta yi amfani. Ko ki rataya farin yadi marar kauri a gabanta, amma ki bar tazarar aƙalla taƙi ɗaya. Manna yadi ko takarda a jikin ƙwai kuskure ne biyu: faɗin bai ƙaru ba, ga haɗarin gobara ko ƙonewar ƙwan saboda zafi. Mutane da yawa kuma suna zaton nisanta fitila ne ke tausasa inuwa. Akasin haka ne. Matso da ita kusa, sai ta ƙara girma a idon allurar, inuwar ta yi laushi. In da dama kike aiki, hasken ya zo ta hagu da ɗan gaba.

Doguwar fitilar nan mai ƙafa 4 tana da halin da ya kamata ki sani. Tsawonta santimita 120 ne, kaurinta bai kai 3 ba, don haka ta wani ɓangare babba ce, ta wani siririya. Ki riƙe fensir santimita 10 sama da tebur, fitilar tana mita 2 a sama. In fensirin ya bi tsawon fitilar, inuwarsa za ta fita sosai, dishi-dishin bai kai milimita 2 ba. Ki juya shi ya gicciye ta, dishi-dishin ya koma santimita 6, inuwar ta ɓace. Saboda haka a kafa ta yadda za ta gicciye hannunki da yatsunki. Fitilar ƙwai mai faffaɗar lagwani ma haka take, ta gefen harshen wutar inuwa ta fi kaifi. Fitilar caji mai ƙananan ƙwayaye barkatai ba murfi kuwa ita ta fi gajiyar da ido, domin kowace ƙwaya da tata inuwar, sai bakin ya fito hawa-hawa kamar matakala.

Kada dai ki yar da tocilar. Ranar da kike son ganin inda ɗinki ya tattare ko zare ya tashi, ki kwantar da ita ta haski yadin daga gefe. Kaifin inuwar ne zai tona miki duk wani tudu da kwari. Masu filasta ma haka suke duba bango.

Tambaya: Ina koya wa almajiraina gane shigar la'asar da inuwar sanda, kamar yadda muka gada. Matsalar ita ce ƙarshen inuwar ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowa da inda yake sa alama. Na sa doguwar sanda don awon ya fi daidai, abin ya ƙara lalacewa. Daga wani malamin allo, Bukuru.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, hukuncin lokaci naku ne, mu awon kawai za mu taɓa. Kamar yadda aka sani a Malikiyya, ana duba lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ware inuwar da ta rage masa a zawali.

Sandar mita 1, lokacin da inuwarta ta kai mita 1, dishi-dishin kanta ya kusa santimita 2. In aka ninka sandar, inuwa ta ninku, dishi-dishin ma ya ninku, ba a ci ribar komai ba. Rana tana ɗaukar kimanin minti 2 kafin ta gusa da gwargwadon faɗin kanta a sama, don haka saɓanin almajiran, daga mai sa alama a farkon dishi-dishi zuwa mai sawa a ƙarshensa, minti 2 zuwa 3 ne, ko sandar gajera ce ko doguwa.

Abin da ya fi ɓata awo shi ne fiƙe kan sandar. Tsinin da kaurinsa bai kai santimita 1 da rabi ba, cikakkiyar inuwarsa ba ta isa ƙasa a wannan lokacin, sai inuwar ta zama kamar ta fi gaskiyarta gajarta. Maganinsa, a samu murfin gwangwani a huda tsakiyarsa da ƙusa, hujin ya kai kamar milimita 5, a kafa shi a kan sandar a kwance, hujin ya ɗan fito gefe. Cikin inuwar murfin za a ga ɗigon haske. Tsakiyar wannan ɗigo ita ce tsakiyar rana, kuma yara goma za su nuna wuri ɗaya. A saki zare mai ɗan dutse daga hujin zuwa ƙasa. Tsawon zaren shi ne tsawon abin awo, inda dutsen ya taɓa kuma daga nan ake fara auna inuwa. Wannan ya kawar da matsalar karkacewar sanda. Saura ƙasa, ita ma sai ta zama shimfiɗaɗɗiya. A zuba ruwa a faranti a ajiye a gani, ko a ari lebur wajen magini. Dabarar huji tsohuwa ce, masanin taurarin Sin Guo Shoujing ya yi aiki da irinta a ƙarni na 13 don kaifafa inuwar dogon ma'auninsa.

Inuwar zawali kuma ba a auna ta sau ɗaya a riƙe. A yankin Jos, da ke kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, tana ɓacewa kusan gaba ɗaya a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, lokacin da rana ke bi ta tsakar ka. Wajen 21 ga Yuni, ga sandar mita 1, tana kai santimita 24 ta kudu. Wajen 22 ga Disamba kuwa santimita 66 ce ta arewa. Wanda ya manta da wannan a lokacin sanyi, kuskurensa ya fi na dishi-dishi sau da yawa.

Tambaya: Ina koyar da fiziks. Wani abokin aikina ya dage cewa lanƙwasawar da haske ke yi a bakin abu ce take kawo dishi-dishin inuwa, tunda haske igiya ne kamar sauti. Ni na ce faɗin rana ne. Wa ya fi gaskiya? Daga wani malamin sakandare, Farin Gada.

Amsa: Malam, a inuwar rana da ta fitilun gida kai ne da gaskiya. Amma abin da abokinka ya faɗa yana nan, ƙanƙanta ce ta ɓoye shi.

Kowace igiya tana ɗan zagaya bakin abin da ya tare ta, gwargwadon tsawon zangonta, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar ɗaya da na gaba, kamar a igiyar ruwa. Masu sauraren rediyo sun san mita 19 da mita 25 a gajeren zango. Zangon muryar ladan wajen mita 1 ne, shi ya sa ake jin kiran salla a bayan katanga ba tare da an ga masallaci ba. Zangon haske kuwa tsakanin milimita 0.0004 ne da 0.0007. Faɗin da lanƙwasawarsa take shafa a bakin inuwa ana samunsa ne in an ninka zangon da nisan allo, aka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. A nisan mita 1 wannan ya ba da kusan milimita 0.7, rana kuwa a wannan nisan tana ba da milimita 9. Biyun suna yin kunnen doki ne a nisan kusan milimita 6 kacal. Daga nan zuwa gaba faɗin rana ya danne.

Siffarsu ma ta bambanta, kuma da wannan za ku raba gardama. Rabin inuwa sulɓi yake daga duhu zuwa haske. Lanƙwasawa kuwa layuka take yi a gefen hasken, mai haske, mai duhu-duhu, mai haske, suna matsewa suna dusashewa. Girimaldi na Italiya ne ya fara bayyana waɗannan layuka a aikinsa da ya fito a 1665, bayan rasuwarsa. Firenel na Faransa ya kawo lissafinsu a 1818. Lissafin nasa ya nuna wani abu da aka ɗauka ba zai yiwu ba, wato ɗigon haske a tsakiyar inuwar zagayayyen faifai, sai wani masanin Faransa, Arago, ya gwada ya same shi.

Ku nuna wa ɗalibai da 'yar tocilar leza ja, mai zangon milimita 0.00065. A yanke taga a kwali, a miƙar da silin gashi ɗaya a tsaye a manne da salatif. A kafa lezar a kan littattafai ta daki gashin, bango yana mita 3, ɗaki da duhu. Za a ga jerin ɗigogi a kwance, suna gicciye gashin. A auna daga gurbi mai duhu zuwa na kusa da shi a ɓangare ɗaya. Kada a tsallaka tsakiya, domin na tsakiyar ninki biyu ne. Ninka 0.00065 da nisan bangon, milimita 3,000, ya ba da 1.95, sai a raba wannan da tazarar da aka auna. In tazarar milimita 28 ce, kaurin gashin milimita 0.07 ke nan. In jerin bai fito ba, ko gashi biyu ne suka haɗu, ko hasken bai daki gashin ba, ko ana riƙe da lezar a hannu. Kada a bari yaro ya haska ta a idon kowa.

Tambaya: Me ya sa inuwa take yin fari-fari a lokacin hazo? Daga wata ɗaliba, Nasarawa Gwong.

Amsa: 'Yarmu, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara tana warwatsa hasken rana, mafi yawansa zuwa kusa da inda ya nufa. Sai a samu farin fili mai haske kewaye da rana wanda ya fi ta faɗi sau da yawa. Fitilar ta ƙara faɗi ke nan, bakin inuwa ya ƙara laushi. Sauran sararin ma ya yi fari yana zuba haske cikin inuwar, duhunta ya ragu. Ranar da hadari ya lulluɓe sama a watan Agusta, sama duka ce fitilar, ba a ganin inuwa sai a ƙarƙashin mota ko tafin ƙafa. A duniyar wata babu iska, inuwa ta fi tamu duhu, amma bakinta yana da dishi-dishi irin namu, don girman rana a can daidai yake da na nan.

Tambaya: Ina haɗa sola. Wani gida akwai wayar wuta da bututun eriya da inuwarsu ke ratsa fanel. Mai gidan ya ce tunda inuwar wayar ba ta fita sosai, ba ta rage komai. Haka ne? Daga wani mai haɗa sola, Dilimi.

Amsa: Ɗan'uwa, dishi-dishi ba ya dawo da hasken da aka tare, shimfiɗa rashin kawai yake yi. Wayar santimita 1 tana tare hasken santimita 1 ko tana kusa ko tana nesa. A kan gida ɗaya na fanel, wato ɗaya daga cikin ƙananan murabba'an da ke fuskarsa, mai faɗin santimita 16, in ta gicciye shi, wannan kusan kashi 6 cikin 100 ne. Da yake gidajen a jere aka haɗa su, wanda ya fi ƙarancin haske shi ke ja wa sauran 'yan layinsa baya. Asarar waya dai kaɗan ce, ana iya haƙuri da ita. Bututun ne abin dubawa. Mai kaurin santimita 5 yana tare kusan sulusin gida, kuma cikakkiyar inuwarsa tana kai mita 5.4. Mafi muni shi ne ganye ko kashin tsuntsu da ya manne a gilashin, domin yana iya rufe yawancin gida ɗaya, fanel ya tsallake sulusinsa gaba ɗaya, gidan da aka rufe kuma ya riƙa zafi.

Kafin ka ɗaure ƙarfe, ka hau rufin da ƙarfe 9, da 12 da rabi, da 3, ka zana inda inuwar bututun ta faɗa da alli. Ka tuna a Jos da tsakar rana tana faɗawa kudu daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, sauran watanni kuma arewa, don haka ka bar fili ta ɓangarorin biyu, ko ka matsar da eriyar can ƙarshen rufin.